Asabar: GTR2 da mutuwarsa iri uku

Tun da hantsi na zauna kan GTR2 a kwamfuta mai Windows 11 da RAM gigabayit 16. Wasan tseren motoci ne na SimBin da ya fito a 2006, a kan gasar FIA GT ta 2003 da 2004, injinsa kuma dangin na rFactor ne. Manhaja ce mai bit 32, da DirectX 9 take zana hoto, kuma daga waɗannan biyun kusan duk matsalar yau ta taso. Wanda ya ce "wasan yana mutuwa" bai faɗi komai ba tukuna, sai ya faɗi a wane mataki yake mutuwa. Yau a wuri uku ya mutu, kowanne da dalilinsa daban.

Ta farko tun a bakin ƙofa. Ina danna shi sai saƙo ya fito cewa babu ɗaya daga fayilolin d3dx9, waɗanda ɓangare ne na DirectX 9. DirectX 12 da ke zuwa da Windows 11 ba ya ɗauke da waɗannan tsofaffin fayiloli, sai an saka kunshin DirectX End-User Runtimes na Yunin 2010 daga shafin Microsoft. Ba ya taɓa sabon, gefensa yake zama. Ban yarda da ɗauko fayil guda daga wani shafi a jefa cikin folda ba, don sau da yawa mai bit 64 ake ɗaukowa wasan kuma na 32 yake so. Bayan wannan sai baƙin allo na 'yan daƙiƙoƙi, ya rufe kansa. Config.ini ne, fayil ɗin saitin hoton wasan, an kwafo shi daga tsohuwar kwamfuta, yana neman katin hoto da girman allon da babu su a nan. Na goge shi, na buɗe GTR2Config.exe, na zaɓi katin da ke ciki, 1920 da 1080, saurin allo 60. Ya buɗe.

Kafin in ci gaba na kwashe wasan gaba ɗaya daga Program Files zuwa C:\Games\GTR2. Tsohon wasa a cikin foldarsa yake rubuta saitinsa, Windows kuwa ba ta barin rubutu a Program Files haka kawai, sai ta karkatar da shi zuwa AppData\Local\VirtualStore. Sai mutum ya wuni yana gyara fayil ɗin PLR mai ɗauke da saitin ɗan wasa, wasan kuma wani kwafin yake karantawa a can ɓoye.

Bayan azahar sai ta biyu. Monza da Donington suna buɗewa lafiya, amma wani filin tsere da masu sha'awar wasan suka ƙera, da zarar sandar lodi ta kai wajen rabi sai in tsinci kaina a fuskar kwamfuta, ba saƙo ba komai. Tunda filayen asali suna aiki, laifin ba na katin hoto ba ne. A gajerar hanyar buɗe wasan na ƙara -trace=1000 bayan GTR2.exe don ya riƙa rubuta abin da yake yi, na sake jawo mutuwar, na buɗe trace.txt da ke cikin UserData\LOG. Daga ƙasa ake karanta shi. Layukan ƙarshe sun nuna ya kasa loda wani hoton DDS da ɗaya daga fayilolin GMT, masu ɗauke da siffar abubuwan filin, ke nema. Hoton yana cikin wani kundin GTR na wani fili daban, wanda mai ƙirar yake da shi a kwamfutarsa ya manta bai haɗo ba. Na samo shi, na sa a foldar filin. Na kuma goge abin da ke cikin UserData\LOG\HAT, wato bayanan doron hanya da wasan ke ajiyewa don saurin lodi. In an canza fili aka bar tsohon HAT, mota na iya nutsewa cikin kwalta ko wasan ya faɗi. Da kansa yake sake gina su.

Ta uku ita ta ci mini yamma, kuma ita ce mai ruɗa mutane. Spa, motoci 40, da sababbin fentin motoci masu girman 4096 da 4096. Da motoci 15 lafiya lau. Da 40 kuwa wani lokaci a ƙarshen lodi yake mutuwa, wani lokaci sai an yi zagaye biyu ko uku. Fayil ɗin trace bai nuna kuskure ba, yankewa kawai ya yi a tsakiyar aiki. Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahoton kurakurai, ya ba da 0xc0000005, ma'ana manhajar ta miƙa hannu wani gurbin ƙwaƙwalwa da ba nata ba. Lambar ita kaɗai ba ta isa hujja ba, don kurakurai da yawa ita suke bayarwa. Abin da ya tona asirin shi ne Task Manager: duk sanda zai faɗi, RAM ɗin da yake ci tana tsakanin gigabayit 1.6 da 1.8.

Manhaja mai bit 32 gigabayit 2 kacal Windows ke ba ta, ko da kwamfutar na da gigabayit 64, sai in an kunna wata alama a kan fayil ɗin exe da ake kira Large Address Aware. Ba sai lissafin ya cika 2 take faɗuwa ba, domin fayilolin DLL da direban katin hoto suna da kasonsu a wannan fili, ragowar kuma a gutsuttsure take, babban hoto ba zai sami wuri guda da zai zauna ba. Lissafin fentin ma a bayyane yake. Hoton 4096 a tsarin matse hoto na DXT5 megabayit 16 ne, da ƙananan kwafinsa na nesa ya kai wajen 21. Sau 40, an haura 800, ba a sa tayoyi, gilasai da filin Spa kansa ba. A DirectX 9 kuma sau da yawa ana ajiye kwafin hoton a RAM ban da wanda ke kan katin.

Na ajiye kwafin GTR2.exe a gefe, na bi ta kansa da 4GB Patch na NTCore. Ba abin da yake canzawa sai wannan alama, Windows mai bit 64 kuma ta ba wasan gigabayit 4. Na koma Spa da motoci 40, RAM ɗin da yake ci ta haura gigabayit 2 bai girgiza ba, na yi tseren minti 45 har tuta. Duk da haka na rage fentin da suka fi nauyi zuwa 2048, kowanne ya koma kusan megabayit 5. Daga cikin mota ido ba ya ganin bambanci, lodi kuma ya yi sauri. Mai wasan ta Steam, manhajar sayar da wasanni, ya sani, in ya sa aka duba ingancin fayiloli, ainihin exe ɗin ne zai dawo, sai ya sake kunna alamar.

Shawarar da aka fi bayarwa, a sa shi a yanayin Windows XP a kuma buɗe shi da ikon mai kula da kwamfuta, na gwada ta, ba ta taɓa ko ɗaya cikin ukun ba. Da na bar ta a kunne tare da sauran gyare-gyaren, da yanzu ban san wanne ya yi aiki ba.

Saura guda. In na danna Alt da Tab ana tsakiyar tsere, wani lokaci ba ya dawowa, don DirectX 9 a cikakken allo yana sakin katin hoto in an fita, dole ya sake kama shi. Gobe zan fara da yanayin taga a GTR2Config. In bai yi ba sai DXVK, mai juya DirectX 9 zuwa Vulkan, wani sabon tsarin zana hoto, kuma d3d9.dll na foldar x32 ake sawa kusa da GTR2.exe, ba na x64 ba.