Gashin Hanta: Wahalar Ba Ta Ranar Aikin Ba Ce

Kalmar "gashi" ita ce farkon matsala. Da an ce wa mai ciwon dajin hanta za a yi masa gashi, wato maganin da ake yi da haske mai kashe ƙwayoyin ciwon, abin da ke faɗo masa a rai wuta ce da ƙuna. Sai a yi aikin ya tashi ko ɗumi bai ji ba, ya ce, "Likita, shi ke nan?" Daga nan sai ya saki jiki fiye da kima. Duk wanda ya daɗe yana duba irin waɗannan majiyyata a Legas, 'yan gwarin Mile 12, mahautan Agege, 'yan tireda na Alaba Rago, ya san ranar gashin ita ce mafi sauƙi. Wahalar, in za ta zo, sai bayan mako huɗu zuwa takwas, lokacin da mutum ya riga ya hau mota ya tafi gida Arewa hutawa.

Gashin da ake auna ƙarin, wato curin ciwon dajin, da shi kai tsaye iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a bayani ɗaya ba. Akwai na waje, wanda inji ke zagaya mutum yana harba haske daga kusurwoyi da yawa su haɗu a kan ƙarin. Yawanci zama 3 zuwa 5 ne cikin mako ɗaya ko biyu. Tun da aka buɗe cibiyar ciwon daji ta NSIA-LUTH a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba a 2019, injinan gashin waje na zamani sun matso kusa da mutanenmu. Akwai kuma na ciki, inda ake zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har zuwa hanta, a tura ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da sinadarin itiriyum-90. Kaurin ƙwaya ɗaya bai kai na silin gashin kai ba. Dabarar tana cikin yadda aka halicci hanta: kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga jijiyar da ke tasowa daga hanji yake zuwa, shi kuwa ƙarin kusan duk abincinsa daga ɗaya jijiyar yake samu, wadda ke kawo jini daga zuciya. In aka bi ta nan, ƙwayoyin sai su maƙale a cikin ƙarin. Haskensu ba ya tafiya nesa, kimanin milimita 2.5, iyakarsa 11.

Darasin da ya fi wuyar fahimtar da dangi shi ne ba girman ƙarin ake fara dubawa ba, sauran hantar ake dubawa. Yawancin masu wannan ciwo a ƙasar nan sun yi shekaru da ƙwayar cutar hanta nau'in B ba su sani ba, hantar ta riga ta ƙanƙance ta yi tabo. Ga kuma gubar fumfuna da ke cikin gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. In sinadarin bilirubin, wanda ke sa ido ya yi rawaya, ya haura 2 a ma'aunin miligiram, wato kusan 34 a ma'aunin da yawancin ɗakunan gwajinmu ke rubutawa, ko ruwa ya taru a ciki, to gashin zai iya ƙarasa hantar kafin ya taɓa ƙarin. A gashin waje ana ƙoƙarin a ware aƙalla mililita 700 na lafiyayyar hanta kada haske mai yawa ya same ta. Idan babu wannan, babu aiki. Dangi kan ɗauka kuɗi ne bai isa ba, sai ka ji babban wa yana cewa, "Ranka ya daɗe, faɗi ko nawa ne, za mu haɗa." Dole a zaunar da shi a zana masa hantar a takarda. Kuma a faɗa masa gaskiyar abin da gashin ke iyawa: a binciken SARAH da aka yi a Faransa, wanda ya fito a 2017, masu ciwon da ya yi nisa da aka yi wa gashin ciki ba su fi masu shan ƙwayar maganin ciwon daji ta sorafenib tsawon rai ba, sai dai sun fi su sauƙin laulayi. Wanda zai sayar da rumfa ya kai mahaifinsa Indiya ya cancanci ya ji wannan kafin ya sayar.

Gashin ciki shiga biyu ne, ba ɗaya ba. Ta farko gwaji ce: a ɗauki taswirar jijiyoyi, a tura wani sinadari marar ƙarfi da ke kwaikwayon ƙwayoyin, a ga inda ya sauka. Abu biyu ake tsoro. Wani ƙarin yana da hanyoyin da jini ke zarcewa huhu, in abin da ke zarcewa ya haura kashi 20 cikin ɗari yawanci ana fasawa, don huhu zai ƙone a hankali. Sannan akwai ƙananan rassa da ke ratsewa zuwa tumbi da farkon hanji. Ƙwayoyin in suka bi nan, sai gyambon ciki mai taurin kai wanda ke ɗaukar watanni. Majiyyaci da ba a yi wa bayani ba yakan ɗauka shigar farko ita ce maganin, ya ƙi dawowa. Shi kuwa itiriyum ba ya jira: ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan sa'o'i 64, daga waje ake odarsa da sunan mutum ɗaya da rana ɗaya, jinkirin kwana guda kan cinye kusan rubu'insa.

A gashin waje kuwa, numfashi ne abokin gaba. Hanta na hawa da sauka santimita ɗaya zuwa biyu ko fiye a kowane numfashi, don haka ko a danne ciki da faranti ko bel, ko a koya wa mutum riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20. A nan harshe ke shigowa. Majiyyaci shi kaɗai ne a ɗaki, umarni ta lasifika yake zuwa, da Turanci, tafintansa yana waje. Dattijon da ke gyaɗa kai yana "to, to" ba lalle ya gane ba, kunya ce. Kalmomi uku sun isa, "ja, riƙe, saki", a yi atisayensu da shi kwance tun kafin ranar ɗaukar hoton da za a tsara harbin da shi, a ce ya riƙa yi a gida bayan kowace salla. Haka batun abinci. An tsara harbin ne bisa yadda cikinsa yake ranar hoto, galibi bayan sa'o'i biyu ko uku ba ci. Mutum ya baro Agege da asuba, gosulo ya riƙe shi, ya iso da yunwa ya sha koko da ƙosai a bakin ƙofa, tumbi ya cika ya matso inda hasken zai bi. Alamun da aka zana masa a fata ma sai an ce kada ya dirje su da soso.

Bayan aikin, abin da kusan kowa ke kuka da shi kasala ce, irin wadda mutum ke sallar azahar a zaune. Takan yi mako ɗaya zuwa uku, tare da tashin zuciya, rashin son abinci, ɗan zazzaɓi da nauyi a gefen dama. Wannan ba abin tsoro ba ne. Don ciwo, farasitamol ne, kada ya wuce giram 2 a yini. Diclofenac da ibuprofen da gaurayen ƙwayoyin kemis na ciwon jiki suna iya jawo zubar jini da taɓa ƙoda. Game da iyali: wanda aka yi wa gashin waje babu wani haske a jikinsa. Na ciki ma kaɗan ne ke fitowa, 'yan kwanaki ne ake cewa ya rage ɗaukar jarirai da kusantar mai juna biyu. Ware masa kwano da kofi ba shi da amfani, ƙara masa kaɗaici kawai yake yi.

Tsugune ba ta ƙare ba sai an wuce wata na uku. A tsakanin nan ne hantar da gashi ya yi wa yawa ke nuna kanta: ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi, ciki ya kumbura, ƙafa ta tasa, barci ya juye ya koma na rana, mutum ya fara ruɗewa. A ƙauye sunan wannan shawara, maganinta kuma jiƙo da sassaƙe, abin da hanta mai rauni ba za ta iya tacewa ba. Ga kuma mai cutar B da ya bar shan maganinta, tenofovir ko entecavir, don kwalbarsa ta ƙare a hanya. Gashi na iya tayar da ƙwayar cutar, shi ya sa ake fara maganin kafin aiki kuma ba a yanke shi. Azumi ma a waɗannan makonni sai da shawarar likita.

Hoton da aka ɗauka da wuri yakan ruɗar da mutane. A wata na farko ƙarin na iya fitowa kamar ya ƙaru, alhali kumburi ne da mataccen nama. Sai wajen wata uku ake iya hukunci, kuma abin dubawa shi ne ko har yanzu yana shan jini, ba faɗinsa kawai ba.

Hana mutum tafiya gida ba ya yiwuwa, ɗakin haya a Legas ba wurin jinya ba ne. Abin da ke yiwuwa shi ne kada ya tafi hannu rabbana. A ba shi maganin wata uku a jaka, da takarda mai ɗauke da irin gashin, ranarsa, ɓangaren hantar da aka yi wa, da sakamakon jininsa na ƙarshe. A rubuta masa ranakun gwajin jini, mako na 2, na 4 da na 8, da asibitin koyarwa mafi kusa da garinsu. Alamun haɗarin kuma a faɗa wa wanda zai zauna da shi, Hajiya ko babban ɗa, ba shi kaɗai ba, don ranar da ruɗewa ta fara ba shi ne zai lura ba.