Buta, dutsen taimama da kwalbar rubutu a gefen gadon asibiti

Dattijon da ya shekara hamsin bai bar salla ta wuce shi ba, ranar da aka sa masa robar fitsari aka kwantar da shi, abin da ke cin ransa ba lallai ciwon ba ne. Yana ganin jikinsa da najasa, ba ya iya tashi alwala, kuma kunya ta hana shi faɗa wa nas, yarinya sa'ar jikarsa. Sai a ga ya daina cin abinci, ko ya matsa a sallame shi. A nan aikin nas yake, kuma aiki ne na jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a bayaninta na 2002 kan kula da masu ciwo mai tsanani, ta jera damuwar ruhi tare da ta jiki da ta tunani.

Tun ranar karɓar majinyaci ake tambaya, bayan an auna jini da zafin jiki. "Baba, akwai abin da ya shafi ibadarku da kuke so mu taimaka?" Sai a ji ko yana shan rubutu ko wani jiƙo, da wanda yake so a kira idan jiki ya tsananta, liman ko fasto ko fada. A rubuta amsar a fayil, domin mai aikin dare ba ta wurin. Kada a yanke hukunci da suna: Musa na iya zama ɗan cocin ECWA.

Salla ba ta cin kuɗi. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba da sauƙi: a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance ta gefe. Abin da ya rage wa nas shi ne ta san inda alƙibla take a ɗakinta, ta canza zanen gadon da ya ɓaci, ta zubar da fitsarin jaka, ta ɗaga kan gado, ta ja labule na minti goma. Mai kanula (robar ƙarin ruwa) a hannu ko bandeji kada ya kwarara ruwa a wurin, domin jiƙaƙƙen bandeji ƙofar ƙwayoyin cuta ne. Ana shafa sama da hannu mai ɗan danshi, ko a yi taimama. Dutsen taimama kuwa kowa da nasa. Wanda ke yawo daga gado zuwa gado yana yawo da cuta. Hukuncin fitsarin da ke zuba ta roba a bar wa malami ya yi bayani, nas ba mufti ba ce.

Inda ake samun ɓarna shi ne rubutu da ruwan tofi. Hana su kai tsaye ba ya aiki. Masu jinya za su jira a kashe fitila su ɗura. Wanda ya suma, ko mai shanyewar ɓarin jiki da haɗiya ta gagara, cokali ɗaya na iya bi ta maƙoshin iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da numfashi sama-sama. Gara a ce wa uwargidan, "Hajiya, kawo mu jiƙa auduga mu shafa masa a leɓe da goshi, amma ban da baki, ban da kan rauni." Yawanci takan yarda, tunda ba a raina abin da ta kawo ba. Haka mai jiran tiyata: awa 6 ba abinci, awa 2 ba ko ruwa, kuma rubutu da tawadarsa da ƙaronsa ba a lissafa shi cikin ruwa zalla. Laya da guru da zobe a cire su a gaban ɗan'uwa, a damƙa masa, a rubuta. Kaskon turaren wuta kuwa ba ya shiga ɗakin da ake ba da oksijin ko da wasa.

Tsohuwar da ta fara sambatu da dare, dangi suka ce iska ce, a bar su su yi addu'arsu, amma a lokacin nan a auna suga da zafin jiki da oksijin. Sau da yawa amsar tana nan.

Da azumi, mai ciwon suga da ya nace sai ya yi, a sanar da likita ya gyara lokacin magani. In suga ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300 a ma'aunin mg/dL, a karya azumin nan take. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma ayar Baƙara ta 185 ta ba mara lafiya damar ramawa. Wannan magana ta fi shiga idan daga bakin limaminsa ta fito.

Wani kuma zai ce, "Sista, alhakin wani ne ke bi na." Saurin cewa "a yi haƙuri" rufe masa baki ne. A ja kujera a zauna, a tambaye shi me yake nufi. Wataƙila ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana yake so a kira masa. Wa'azi ko jan majinyaci zuwa addinin nas ko ɗariƙarta cin amana ne, domin wanda ke kwance ba ya iya tashi ya bar wurin.

Idan alamun ajali suka bayyana, a kira dangi da wuri. Ɗan Katolika a kira masa fada ya shafa masa mai tun yana cikin hayyacinsa. Musulmi a juya shi alƙibla in hali ya yi, wani nasa ya riƙa faɗin kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa, ba tare da matsa masa ya maimaita ba. Bayan likita ya tabbatar da rasuwa, a rufe idanu, a ɗaure haɓa, a miƙe gaɓoɓi kafin su sandare, a lulluɓe shi. Mace ta kimtsa mace. Takardun sallamar gawa a hanzarta su, domin mutanen suna so su kai shi makwanci kafin rana ta faɗi.