Wasiƙa daga Leeds: a fara gina gidan a kwamfuta kafin a haƙa harsashi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya zafi ya hidima? Mu nan Ingila sanyi ne ya sa mu gaba, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu.

Jiya yayana ya turo min bidiyo daga wurin gininsa a Kano, wai mai aikin famfo ya zo zai sa bututun banɗakin sama sai ya tarar babu inda zai bi, dole aka kawo guduma ana ta fasa dakin ɗin kankaren da aka zuba wata biyu da suka wuce har rodi ya fito fili, wani ma yana cewa a yanke shi kawai. Wallahi sai da raina ya ɓaci, don hana irin wannan shi ne abin da ake biyana albashi a kai.

A nan sunan abin BIM, ba bim ɗin da birkila yake zubawa a kan fila ba fa. Gidan ake ginawa gaba ɗayansa a cikin kwamfuta tun ba a taɓa ƙasa ba, kuma kowane bango yana ɗauke da bayaninsa, kaurinsa da tsayinsa da irin bulon da za a sa. Ka matsar da taga ɗaya, duk sauran zanen su gyara kansu, lissafin kaya ma ya canja. Mai zanen gini yana nasa a manhajar Revit ko ArchiCAD, injiniyan rodi da kankare yana nasa, na famfo da na wuta haka, sai a haɗa su a manhajar Navisworks ita kuma ta nuna duk inda aikin wani ya ci karo da na wani. Ranar Talata muna duba wata makaranta muka ga bututun iska ya ratsa ta tsakiyar bim, muna zaune da shayi a hannu aka sauke shi ƙasa kaɗan, ko minti goma ba a yi ba. Babu guduma, babu cacar baki.

Turawan ma ba don Allah suka rungume shi ba, gwamnatin Birtaniya ce ta tilasta. A 2011 ta sanar cewa daga 2016 duk mai son kwangilar ginin gwamnatin tsakiya sai ya yi aiki da BIM, layin jirgin Elizabeth na Landan da aka buɗe a 2022 ma da shi aka tsara.

Ni abin da ya fi tuna min da gida shi ne rana. Za ka iya gaya wa manhajar cewa filin nan a Kano yake, ta nuna maka inda rana za ta doka ƙarfe uku na yamma a watan Afrilu, sai ka gane da idonka cewa wannan ƙatuwar tagar gilashin da ka kwaikwayo daga Dubai ka sa ta kallon yamma, ɗakin gasa burodi kake shirin ginawa.

Ba zan ɓoye muku ba lasisin Revit akwai tsada, da dala ake biya duk shekara, ga maganar wuta, amma akwai FreeCAD kyauta ga ɗaliban da ke son gwada hannu. Kuma babbar matsalarmu ba manhaja ba ce, halin nan ne na karɓo zane don a samu takardar izini kawai a jefa shi a durowa, sannan maigida ya zo wurin aiki ya ja layi da ƙafa a ƙasa ya ce a ƙaro ɗaki a nan.

Yaya dai na ce masa kar wanda ya taɓa rodin nan sai injiniya ya zo ya gani, ya ce to, amma na san halinsa, gobe da asuba zan sake kira. A gaida kowa da kowa.

Naku, daga Leeds.