Tuwon Tamba a Bangalore

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya haƙuri da mu.

Ranar da tsohuwar da nake haya a gidanta ta fara kira na cin abinci, na ɗauka shinkafa ce da yaji kamar kullum. Sai ga malmala ja-ja mai duhu, an ɗiga mata man shanu. Na ce a raina, ai wannan tuwo ne! A nan jihar Karnataka ta ƙasar Indiya ragi mudde ake ce masa, ragi kuwa ba komai ba ce illa tamba. A gutsura, a tsoma a miya, a haɗiye ba tauna. Tsohuwa ta gyara zama za ta koya mini, kafin ta buɗe baki na kai loma ta uku. Miyar, sambar, tsamiya ce da dal, irin wakensu da ake ɓarzawa, sai 'ya'yan zogale. Mu ganye muka sani, su sandunan suke dafawa su tsotse.

Wannan tuwon ya ja baya a birane. Tun shekarun 1960 gwamnati ta fifita alkama da shinkafa, tana saye tana rabawa da rahusa, har gero da dawa da tamba suka koma abincin ƙauye da ake jin kunyar ba baƙo. A 2023 hukumar binciken lafiya ta ƙasar, ICMR, ta ƙiyasta masu ciwon sukari miliyan 101. Ba laifin farar shinkafa kaɗai ba ne, duk wanda ya ga sukarin da ake zubawa a shayinsu zai yarda da ni. Amma tamba tana da dusa mai riƙe ciki, ga sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi fiye da shinkafa nesa ba kusa ba. Indiya ce ma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 don dangin gero.

Da safe kuma idli: shinkafa da baƙin wake a jiƙa, a markaɗa, ƙullin ya kwana ya tashi kamar na waina, amma turarawa ake yi, ba ko ɗigon mai.

Kurkum ne kawai muke sa-in-sa a kai. Tsohuwa ta ce madarar kurkum da masoro maganin komai ce. Ina sha idan mura ta kama ni, amma ƙwayoyin hawan jininta ni nake tuna mata.

Jiya na ga garin tamba a kanti cikin leda mai ƙyalli, kuɗinsa ya fi na shinkafar da tsohuwa ke karɓowa a shagon gwamnati.

Ku gaida kowa.
Ɗan uwanku a Bangalore.