Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Laifin da Aka Ɗora wa Gatarin Babana

Makon jiya mun tsaya a inda aka ɗauke ni aikin malamin gona, aka mayar da ni yankinmu tsakanin Tasawa da Mayahi, da keke da littafi da gwangwanin awon ruwan sama. Farkon 1984 ke nan. Duk wanda ya ga shekarar nan da idonsa ya san ban shiga aiki da ƙafar dama ba.

Gwangwanin na kafa shi bisa turke a bayan gidan mai gari. Ƙa'ida ita ce duk safiyar da aka kwana da ruwa in je in auna, in rubuta milimita nawa aka samu. A damanar nan na fi tarar da ƙura a ciki. Sau uku muna shuka. Hatsi ya kawo gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Ga iyakar Najeriya an rufe, abin da ya sa har gobe mutanenmu ke ce wa yunwar El Buhari. Mata suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Da na haɗa lissafin damana, da ƙyar ya kai rabin abin da aka saba.

Bayan kaka, kakar da babu dami ko ɗaya a rumbu, wani babban ma'aikaci ya zo da mota ya tara mutane a gindin tsamiyar kasuwa. Ni aka sa na tsaya kusa da shi, tunda ni ne ɗan gari. Ya ce fari ba daga sama ya faɗo ba, ku kuka jawo shi. Kun sare itace, awakinku sun cinye ƙasa har ta yi fari fat, hadari ya zo ya ga babu inuwa ya wuce. Baba yana zaune a sahun gaba bisa buzunsa. Bai ce uffan ba. Da dare ya kira ni zaure.

"Kai da ka yi lakwal, gaskiya ya faɗa?"

Na ce, "Haka yake a littafi, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ashe da hannuna na kori ruwa."

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, Baba bai share gonarsa ƙal don son ransa ba. Zamanin gyaɗa, lokacin da Maraɗi ke tara buhuna kamar duwatsu, malaman gona da suka gabace ni su suka koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda babu kututture ko ɗaya, don garmar shanu ta wuce. Ya bi maganar masu ilimi, sai ga wani mai ilimin ya zo ya ce shi ne mai laifi, ɗansa kuma ya sa hannu.

Daga shekarar nan ya daina tumɓuke toho. A lokacin ne labarin wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya bazu daga Maraɗi, mai cewa a bar kututturen da ke tohowa, a rage masa rassa a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Sassaben zamani muke ce masa. Baba ya kama abin kamar mai biyan bashi: gawo, kalgo, sabara, duk wanda ya leƙo sai ya kewaye shi da ƙaya. Ya rasu a 1991 yana ɗauke da wannan nauyi a zuciya.

Sai a 2010, ina da furfura, aka tura mu kwas a AGRHYMET, cibiyar binciken yanayi da noma ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 saboda farin da ya gabaci namu. A rana ta uku wata malama ta haska mana taswirar teku a bango. Na ce a raina, mu da ko gulbinmu ba ya kwana da ruwa shekara, ina ruwanmu da teku?

Ta ce damanarmu daga teku take tasowa. Iska ce ke ɗauko laima daga Atlantika ta kudu ta turo ta arewa, kuma layin hadari yana karkata ne wajen ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Daga wajen 1950 zuwa 1980 masana'antun Turai da Amurka sun yi ta ƙona kwal suna tura hayaƙi mai farar wuta sama. Hayaƙin ya yi wa arewacin Atlantika rumfa, ruwan wurin ya yi sanyi, alhali tekunan kudu da na Indiya suna ƙara ɗumi. Sai layin hadari ya noƙe kudu, ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, tun daga Senegal har Habasha. Ta ce zancen awaki da gatari wani masani ne mai suna Jule Charney ya kawo hujjarsa a 1975, duniya ta ɗauka. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta zafin tekuna kaɗai, ba su gaya mata an sare ko reshe ɗaya ba, sai ga farinmu ya fito a lissafin, a shekarun da ya zo. Rashin itace ya ƙara wa wutar iska, amma ba shi ya kunna ta ba.

Na ɗaga hannu. Muryata na rawa na ce, "Malama, wato manomin da ya share gonarsa ba shi ya hana ruwa ba?"

Ta ce, "Baba, ba shi ba ne."

Ban san lokacin da na fita waje ba. Na tsaya gindin wata bedi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Sauran kwanakin na zauna a gaba, ina rubutu kamar ɗan aji ɗaya. A nan na ji cewa hamadar Tenere, inda yau ko tsuntsu ke tsoron ratsawa, ta taɓa zama ƙasar tafkuna da ciyawa, daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus, arewa da Agadas, masu sassaƙar da idonsu suka gan su. A Gobero, cikin Tenere ɗin, an tono kaburbura tare da ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye. Dalili kuwa, duniya tana juyi tana layi kamar katantanwar da yara ke kaɗawa, layin yana ɗaukar shekara 20,000 da ɗoriya kafin ya zagayo. In ya sa rana ta fi dukan arewa a bazara, damana sai ta yi ƙarfi ta kutsa har cikin hamada. Wannan ya yi mini daɗin ji, don kakata takan ce ƙasa ma tana da ƙuruciya da tsufa.

Amma na yanzu ba irin wancan ba ne, kuma a nan nake saɓawa da abokaina masu cewa ai dama can haka duniya take. An haƙa ƙanƙarar Antatika an ciro iskar da ta maƙale a ciki tun shekara 800,000. A duk tsawon nan iskar kabon, mai riƙe zafi kamar bargo, ba ta wuce kashi 300 cikin miliyan ba. Kafin zamanin injuna tana 280. Yau ta haura 420, cikin abin da bai kai shekara 300 ba. Wancan juyi na dubban shekaru ne, mutane na ƙaura a hankali jika bayan kaka. Wannan a rayuwar mutum ɗaya ake ganinsa.

Game da gaba, abin da malamar ta ce babu gardama a kansa shi ne zafi zai ƙaru. Ruwa kuwa, yawancin lissafin na nuna yammacin Sahel wajen Senegal zai ƙara bushewa, tsakiya inda muke zai iya samun ƙari. Sai ta ja kunnenmu: kada ku yi murna tukuna. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana ɗaukar ƙarin laima kashi 7 cikin 100, in ta tashi saki kuma a lokaci ɗaya take saki. Littafina ma ya shaida haka, ruwan wata guda ya zubo a dare ɗaya, sannan a yi sati uku shuka na jiran sama. Na tuna maganarta a ƙarshen Agustan 2024, ranar da ruwa ya rushe gidaje a cikin garin Maraɗi aka rasa rayuka, kwanaki kaɗan kuma tsohon masallacin Damagaram ya zube. Wannan labarin yana gaba, za mu zo kansa.

Da na dawo daga Yamai ban sauka Maraɗi wurin iyalina ba, na wuce ƙauye. Na bi ta gonar Baba da la'asar. Gawon da ya kewaye da ƙaya sun zama manya, hatsin da ke ƙarƙashinsu ya fi na fili tsawo da kauri. Ruwan sama ba su suka kira shi ba, amma su suka riƙe ƙasar da iska za ta kwashe, su ke ciyar da tumakinmu da rani.

Na iske Inna tana tankaɗe. Na zauna na kwashe mata duka, teku da hayaƙi da rumfa, iya yadda zan iya da Hausa. Ta saurara har na gama ba ta ajiye rariya ba. Sannan ta ce, "Ni ban taɓa yarda ba dama. Shi ne ya yarda, don daga bakinka ya ji."

Da asuba bayan an sallame na tafi maƙabarta ni kaɗai, na daɗe a kansa ina yi masa addu'a.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na koma gindin tsamiyar nan na tara mutane, da abin da mai gari ya tambaye ni a gaban kowa.