Laraba: jinin direba a gaban kotun ɗaukaka ƙara

Tun da sassafe na duƙufa a kan hukunce-hukuncen kotunan Amurka da malaminmu na dokar shaida ya ce in nazarta kafin mako mai zuwa, dukansu a kan tuƙi cikin maye, musamman inda haɗarin ya yi sanadin rai. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne, kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake kiran shaidu. Takardun shari'ar farko take dubawa domin ta ga ko alƙali ya yi kuskure wajen karɓar wata hujja, kuma idan lauyan wanda ake tuhuma bai nuna rashin amincewarsa ba a lokacin da aka gabatar da hujjar, to ya yi sake, domin da wuya a saurare shi a kanta daga baya.

Kusan duk rigimar a kan lamba ɗaya take, wato yawan barasar da aka samu a jinin direba. A jihohin Amurka iyakar da doka ta sanya wa babban mutum mai tuƙa motarsa ita ce kashi 0.08 cikin ɗari na barasa a jini, in ban da jihar Yuta da ta rage tata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. Saboda haka lauya yakan fara da tambayar yadda aka yi aka ɗebi jinin. A shari'ar Schmerber ta 1966, Kotun Ƙoli ta amince da jinin da aka ɗiba a asibiti ba tare da takardar izinin alƙali ba, saboda binciken haɗarin da kai direban asibiti sun cinye lokaci, ga shi kuma jiki yana ta ƙona barasar. 'Yan sanda da yawa suka ɗauki wannan a matsayin izini na dindindin, har zuwa 2013 da shari'ar McNeely ta jihar Misuri ta taka musu birki: raguwar barasa a jini ita kaɗai ba ta isa ta zama uzurin gaggawa ba, sai an duba yanayin kowane lamari. A 2016, shari'ar Birchfield ta ce ana iya gwada numfashin wanda aka kama ba tare da izini ba, amma ban da jininsa. Sai kuma shari'ar Mitchell ta 2019, wadda ta fi kusa da abin da nake nazari, tunda ta shafi direban da ya fita daga hayyacinsa, inda alƙalan da ra'ayinsu ya ɗauki hukuncin suka ce a irin wannan hali kusan kullum ana iya ɗibar jini ba tare da jiran izini ba.

Inda na fi daɗewa a yau shi ne tazarar da ke tsakanin lokacin haɗari da lokacin ɗibar jini. Doka tana hukunta mayen da direba yake ciki a lokacin da yake riƙe da sitiyari, amma a haɗarin da aka rasa rai, kafin a ciro mutane daga mota, a kai su asibiti, likitoci su gama aikinsu na ceton rai, sa'a biyu ko uku sun wuce. Mai gabatar da ƙara sai ya kawo masani ya yi lissafin baya, ya ce tunda jiki yana rage kusan 0.015 zuwa 0.020 a kowace sa'a, to lambar lokacin haɗarin ta fi wadda aka gani. Lissafin yana da kyau a takarda, sai dai ya ginu ne a kan zaton cewa barasar ta gama shiga jini kafin haɗarin. Idan mutum ya sha kofinsa na ƙarshe dab da shiga mota, kuma cikinsa cike yake da abinci, mai yiwuwa ne lambar tana hawa ne a lokacin, ta yadda abin da aka auna a asibiti zai fi na kan hanya yawa. Babbar kotun laifuffuka ta Teksas ta yi bayanin wannan sosai a shari'ar Mata ta 2001, inda ta ƙi yarda da lissafin masanin da ya dogara da gwaji ɗaya tak, wanda aka yi bayan fiye da sa'a biyu, alhali bai san abubuwan da suka shafi direban ba, kamar lokacin da ya daina sha da abin da ya ci. A ganina kotun ta yi daidai, domin masanin da bai san waɗannan ba, kintace yake yi da rigar kimiyya.

Akwai wani ƙaramin bambanci da ya ba ni mamaki. Asibiti yakan gwada ruwan jini ne bayan an tace ƙwayoyinsa, ɗakin gwajin gwamnati kuwa jinin gaba ɗaya yake aunawa, kuma shi ne doka take nufi. Tunda barasa tana bin ruwa, sakamakon asibiti yakan ɗara da kusan kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ta yadda 0.09 na asibiti zai iya komawa ƙasa da 0.08 idan aka juya shi.

Da rana na tarar da wani abokin karatuna a ɗakin karatu, na ba shi labarin shari'ar Bullcoming ta 2011. A nan, ma'aikacin da ya gwada jinin kuma ya sa hannu a rahoton bai zo kotu ba, sai aka turo wani abokin aikinsa da bai ga gwajin ba, Kotun Ƙoli kuma ta ce an tauye haƙƙin wanda ake tuhuma na fuskantar mai ba da shaida a kansa. Abokin nawa ya ɓata rai ya ce, "Haba malama, lambar fa 0.21 ce. Da a ce ya kashe ɗan wani, da wane baki za ki gaya wa uwar yaron cewa matsalar sa hannu ce?" Na ce masa ban da amsar da za ta sanyaya zuciyar uwa, amma na'ura ba ta ɗaukar kwalbar jini da kanta. Mutum ne yake buɗe ta, ya duba sunan da ke jiki, ya tabbatar hatiminta bai karye ba, ya rubuta sakamako, kuma idan ya haɗa kwalbar wani da ta wani, shi kaɗai za a iya yi wa tambayar da za ta fito da hakan. Bai gamsu ba, ni ma ban matsa ba.

Batun musabbabin mutuwa kuwa na bi ta kansa da sauri, ko da yake yana da nauyi. A jihohi da dama, tabbatar da maye bai wadatar ba, sai an nuna cewa tuƙin direban ne ya jawo mutuwar, shi ya sa ake jayayya a kan sawun taya da kuma na'urar da ke cikin motocin zamani, wadda ke adana gudun mota da taka birki na daƙiƙoƙin ƙarshe kafin karo.

Da yamma na karanta abin da ya kamata abokina ya gani kafin ya fusata. Samun kuskure ba ya nufin rushe hukunci. Bisa shari'ar Chapman ta 1967, ko da an saɓa wa kundin tsarin mulki, hukuncin zai tsaya idan gwamnati ta nuna, ba tare da wata tantama ba, cewa kuskuren bai shafi sakamakon ba. Haka kuma shari'ar Davis ta 2011 ta ce ba a watsar da hujjar da ɗan sanda ya samo yana bin hukuncin kotun da ke aiki a lokacin, ko da an sauya hukuncin daga baya. Idan akwai shaidun da suka ga direban yana tangaɗi, ga bidiyon 'yan sanda, ga kwalabe a cikin mota, alƙalai sukan ce an yi kuskure amma hukunci yana nan daram. Inda aka rushe ma, galibi sabuwar shari'a ake ba da umarnin yi, mai gabatar da ƙara ya koma kotu ba tare da lambar ba, bayan shekaru sun shuɗe kuma shaidu sun fara mantuwa. A wannan gaɓar zan gina jawabin da zan gabatar a aji, domin a irin waɗannan shari'o'in, abin da ya sake jefa iyalan mamaci cikin zaman kotu sau da yawa takardar izini ce da jami'i zai iya nema daga alƙali ta waya a daren haɗarin, amma bai nema ba.