Mililita nawa? Inda gajerun bidiyon lafiya na Sifaniyanci ke tuntuɓe

A ce likitan yara a Madrid ya ɗaga waya, cikin daƙiƙa 40 ya koya wa iyaye lissafin maganin zazzaɓi: a ninka nauyin yaro da 0.15, abin da ya fito shi ne mililitan da za a ɗura masa. Bai yi kuskure ba, amma lissafin na kwalbar Sifaniya ne. Farasitamol ɗin yara da aka fi sani a can, Apiretal, miligiram 100 ne a kowane mililita, saboda haka yaro mai kilo 10 zai sha mililita 1.5, wato miligiram 150. Na Amurka kuwa miligiram 160 ne a mililita 5, wato 32 a kowane ɗaya. Uwa 'yar Meziko da ke zaune a Texas in ta bi wancan lissafi, miligiram 48 kacal ta ba ɗanta, zazzaɓi ko gezau. In aka juya lamarin ya fi muni: wadda ta ji "kusan mililita 5" daga bidiyon Amurka, ta zuƙo daga kwalbar Sifaniya, ta ba yaro ninki uku na ƙa'ida, kuma hanta ce ke ɗaukar nauyin.

Nan ne matsalar bidiyon Sifaniyanci ta sha bamban da ta sauran harsuna. Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, ga mutum sama da miliyan 40 da ke magana da shi a gidajensu a Amurka. TikTok, Reels da Shorts suna bin harshe ne wajen tura bidiyo, ba ruwansu da abin da ke kan kantar mai sayar da magani a garinku.

Ko sunan maganin ma ba ɗaya ba ne. Sifaniya da Meziko suna cewa paracetamol, Kolombiya acetaminofén. Wanda bai san abu ɗaya ba ne sai ya haɗa biyun. Metamizol, da wasu ke kira dipirona, maganin ciwo ne na yau da kullum a Sifaniya da Meziko, amma Amurka ta janye shi tun 1977 saboda yana iya rushe fararen ƙwayoyin jini. A 2018 hukumar magunguna ta Sifaniya ta ja kunne kada a ba baƙi masu gajeren zama, tunda ba za a iya bibiyar jininsu ba. Wa zai cusa wannan cikin daƙiƙa 30? Haka kalmar constipado: a Madrid mai mura ne, a wasu ƙasashen Latin Amurka wanda bayan gida ya ƙi masa.

Masu bincike kan auna ingancin irin waɗannan bidiyo da ma'aunin DISCERN, mai tambayoyi 16, kowace da maki 1 zuwa 5, ko da sharuɗɗa huɗu na mujallar likitocin Amurka, JAMA, na 1997: wa ya yi, daga ina ya samo, wa ya ɗauki nauyinsa, yaushe aka yi. Suna da amfani, sai dai an ƙera su ne don rubutaccen bayani. Bidiyon minti ɗaya kusan dole ya faɗi a tambayar majiya ko da gaskiya zalla ya faɗa, alhali mai rigar likita da ya jero sunayen mujallu zai iya cin maki yana tallar ganyen rage ƙiba. Abin da ya fi ba ni haushi, babu ɗaya cikin ma'aunan biyu da ke tambayar wace ƙasa ake nufi.

Ƙarya tsagwaronta ma tana nan. Lokacin korona sinadarin dióxido de cloro, wanda ake wanke ruwa da farar da takarda da shi, ya mamaye shafukan Sifaniyanci a matsayin magani. Hukumar lafiya ta nahiyar Amurka, PAHO, ta yi gargaɗi a kansa a 2020, amma a shekarar majalisar Bolibiya ta amince da dokar sarrafa shi da amfani da shi. Mai tallarsa ya samu abin kafa hujja ke nan.

Tantance mai magana ba wuya. Likitan Meziko yana da cédula profesional, wato lasisin aiki, ana duba lambar kyauta a rajistar ma'aikatar ilimi. Na Sifaniya yana da número de colegiado, wato lambarsa a ƙungiyar likitoci, na Kolombiya yana cikin ReTHUS, rajistar ma'aikatan lafiya ta ƙasar. In lambar ta fito, a duba fanni, domin likitan fata da ke bayani kan ciwon suga ya fita gonarsa. Daga nan a saurari ko ya faɗi adadi da miligiram bisa kilo, ko ya nuna ƙarfin da ke jikin kwalba, ko ya ambaci wanda bai kamata ya sha ba, da alamar da za ta sa a garzaya asibiti. A leƙa ƙasan bidiyon ko akwai lambar rangwame ta sayen wani abu. Har lambar kiran gaggawa a duba: 112 a Sifaniya, 911 a Meziko, 123 a Kolombiya.